N7,000 a kan inshorar N15,000: ladan aiki ne ko cuta?

Baban Sadiƙ (Rigasa):
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai abin da ya tsaya mini a rai tun daren jiya, ina so masu sani su haska mini.

Takardun motata sun ƙare ranar Litinin. Da yake koyarwa nake yi, ba ni da sukunin bin layi, sai na kai wa wani mai rumfa da ya saba yi mini, bana shekara uku ke nan. Ya ce inshora kaɗai N22,000. Na tura masa ta waya, ya yago takarda daga littafin rasit irin na kanti, ya rubuta "takardun mota, an biya", ya sa hannu. Da yamma yaronsa ya kawo mini takardar har gida. Bayan isha'i ina zaune kan tabarma ina jera takardun cikin leda, sai idona ya faɗa kan layin da kamfanin ya buga abin da aka biya shi: N15,000. Na cire tabarau na goge, na sake dubawa, haka yake.

Na kira shi nan take. Ya ce, "Malam, ai ragowar kuɗin aiki ne." Na ce to me ya hana ka faɗa mini tun farko? Ya ce kowa haka yake yi.

N7,000 a gidana cefanen kwana biyu ce. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne bara da bara waccan ma haka na miƙa ba tambaya. Shin doka ta yarda ejan ya ɗora nasa a kan kuɗin inshora? In ta yarda, wa ke yanka iyakarsa, gwamnatin jiha ko Abuja?

Hajiya Mai Atamfa:
Wa alaikumus salam Malam. Wallahi ka taɓo mini inda yake yi mini ƙaiƙayi. Motoci biyu gare mu, direba ke zuwa ya dawo da jimla ɗaya, in biya. Ban taɓa ganin an raba mini, ga na inshora ga na lasisin mota ga na wanda ya yi zirga-zirga ba. Ina saurare.

Baba na Malali:
Baban Sadiƙ, Allah ya huci zuciyarka. Na yi aiki a kamfanin inshora sama da shekara ashirin kafin in ajiye, bari in faɗa maka abin da na sani.

Farashin inshorar dole ta mota, wato wadda ke biyan ɓarnar da ka yi wa wani a hanya, ba kamfani ke yanka shi ba, balle ejan. Hukumar kula da harkar inshora ta ƙasa, NAICOM, ita ke yankawa. A watan Disamba na 2022 ta fitar da sanarwa, daga 1 ga Janairun 2023 kuɗin motar gida ya tashi daga N5,000 ya koma N15,000, abin da kamfani zai iya biya na ɓarnar dukiyar wani kuma ya tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Keke napep N5,000, babur N3,000, manyan motocin dakon kaya N100,000. Saboda haka N15,000 da ka gani a takardarka daidai ne, farashin ke nan daga Legas har Maiduguri.

Abin da yawancin mutane ba su sani ba shi ne, ejan na gaskiya mai lasisi yana da kamasho, kuma a cikin wannan N15,000 ɗin yake, kamfani ke ba shi. Dokar inshora ta 2003 da muka yi aiki da ita ta ce kamashon inshorar mota kada ya wuce kashi 12.5 cikin 100. Ka buga lissafi, N1,875 ke nan in an kai ƙarshen iyaka. To ka ga idan mutum ya karɓi wannan daga kamfani, ya juyo ya karɓi N7,000 daga hannunka ba da saninka ba, ya ci ta gaba ya ci ta baya.

Abba Kawo:
Ai ni na daɗe da faɗa, duk ɓarayi ne masu zaman rumfar nan. A kwashe su kawai.

Shugabar zaure:
Abba, ka janye wannan kalma don Allah. Akwai masu sana'ar a cikinmu, kuma ba a yi wa jama'a kuɗin goro a nan.

Abba Kawo:
Na janye, Anti. Raina ne ya ɓaci. A yi haƙuri.

Ɗan Barnawa (ejan inshora):
Na gode Shugaba. Ni wannan ce sana'ata, da ita nake ciyar da mutum bakwai, kuma ina da lasisi. Ba zan kare wanda ya karɓi N7,000 a ɓoye ba, ya yi ba daidai ba, ko a gabansa zan faɗa. Amma Baba, da girmanka, lissafin nan naka rabinsa ka kawo.

Na farko, N1,875 ɗin nan ƙololuwa ce, ba ita ke shigowa aljihun ƙaramin ejan irina ba. Abin da nake samu bai kai haka ba, kuma ba ranar nake ganinsa ba, sai an tara a biya daga baya. Na biyu, ku zo ku zauna a shagona yini ɗaya. Wuta ta ɗauke, in tada janareto don in buga takarda ɗaya tak. Sabis ya tsaya, in yi ta loda shafin kamfani sau biyar, data na ƙonewa. Tawadar firinta, takarda, ledar da nake saka wa mutum, hayar shago, duk daga ina? Mutum ya turo mini hoton tsohuwar takardarsa ya dushe, lambar inji ba ta karantuwa, in kira shi sau uku da katina. Ya ce a kawo masa gida, in sa yaro a keke daga Barnawa ya haye gada ya je Unguwar Dosa ya dawo.

Sannan akwai wanda ba a lissafawa. Ranar da mai mota ya goga wa wani a shataletalen Leventis, ba Abuja yake kira ba, ni yake kira, wani lokacin ina kan tabarmar cin abinci. Ni ke gaya masa ya ɗauki hoto, kada ya yi alƙawarin biya da baki, ni ke cika masa fom, ni ke bin kamfani har a biya. Wata shari'ar sai ta ci mini sati uku.

Ni N2,000 nake karɓa, kuma kafin mutum ya ciro kuɗi nake gaya masa: inshora kaza, aikina kaza, in ba ka so ga yadda za ka saya da kanka. In aka ce ko wannan haramun ne, to rufe shagon zan yi, kuma ku sani waɗanda za su rage a bakin titi su ne masu buga takardar bogi.

Baba na Malali:
Ɗana, na ji ka, kuma maganar kiran dare gaskiya ce, ni ma na sha ta. Sai dai ka lura, cika fom da bin kamfani idan an yi haɗari yana cikin abin da aka ba ka kamasho dominsa. Kai wakilin kamfani ne, ba alfarma kake yi wa mai mota ba. Kai wa mutum takarda gida da bin masa layin sabunta lasisi, wannan kam aike ne daban, ka cancanci lada a kansa. Wurin da ake cakuɗa biyun nan shi ne wurin da cuta ke shiga.

Ɗan Barnawa (ejan inshora):
Na karɓi wannan gyaran, Baba. Amma kamashon da aka yanka lokacin da litar fetur ba ta kai N100 ba, shi ne har yau muke magana a kai.

Baba na Malali:
Kaso ne ai, ba tsayayyen kuɗi ba. Da inshora ta ninka uku a 2023, shi ma ya ninka uku.

Ɗan Barnawa (ejan inshora):
Fetur kuma ya ninka nawa tun daga lokacin?

Barista Ummu Hanan:
Bari in shigo kan tambayar Malam ta biyu, don har yanzu ba a amsa ta ba: jiha ko tarayya?

Tsarin mulkin 1999 ya sa inshora cikin jerin abubuwan da majalisar tarayya kaɗai ke yi wa doka, tare da irin su banki da kuɗin ƙasa da tsaro. Ma'ana 'yan majalisarmu ta jihar Kaduna da ke zama a Lugard Hall ba su da hurumin yanka farashin inshora, ko kamashon ejan, ko ba shi lasisi. NAICOM ke da wannan, tun kafa ta a 1997. Kuma dokar 2003 da Baba ya ambata an maye gurbinta da sabuwar dokar gyaran harkar inshora da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a 2025, amma ikon yana nan a hannun tarayya, bai sauko jiha ba.

Sai dai kada mu tsaya nan mu ce jiha ta wanke hannunta. Lasisin mota da ake sabuntawa duk shekara kuɗin jiha ne, hukumar tara haraji ta jiha, KADIRS, ke karɓa. Mutanen da ke haɗa wa masu motoci takardu a dunƙule, a kusa da harkar jiha suke cin abinci. Jiha na iya cewa duk mai wannan sana'a sai ya yi rajista, sai ya kafa allo a rumfarsa da farashin kowace takarda, sai ya ba da rasit mai layi-layi. Wannan ba dokar inshora ba ce, tsarin kasuwanci ne a cikin gari.

Sannan akwai dokar kare haƙƙin mai saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC. Ta wajabta wa mai sayar da kaya ko mai yin aiki ya bayyana farashi. Mutumin da ya ce maka "inshora N22,000" alhali N15,000 ce, bai ce maka ga ladan aikinsa ba, ƙarya ya yi maka a kan farashin abin da ka saya. A wurina nan laifin yake, tun kafin a zo batun yawan kuɗin.

Baban Sadiƙ (Rigasa):
Allah ya saka da alheri Barista. Wato da ya ce mini 15 na kamfani, 7 nasa, na yarda na biya, shi ke nan ba ni da bakin magana?

Barista Ummu Hanan:
Da ka sami damar cewa ya yi yawa, ka taya, ko ka tafi wani wuri. Wannan damar ce ya ƙwace maka, Malam.

Yaya Sani (daga Amurka):
Ina bin muhawarar nan daga nesa, ni ɗan Tudun Wada ne. A nan tsarin ya sha bamban da namu. Tun 1945 majalisar Amurka ta yi dokar da ake kira McCarran-Ferguson, ta bar wa jihohi kula da harkar inshora. Kowace jiha da hukumarta, ita ke ba ejan lasisi, ita ke cewa ko zai iya karɓar wani kuɗi daga hannun mai saye ban da kamashonsa, da sharuɗɗan hakan. Shi ya sa abin da aka yarda da shi a wata jiha, a maƙwabciyarta ba lallai a yarda ba. A jihar Niyok inda nake, dillalin inshora ba zai karɓi kuɗin aiki daga hannunka ba sai da rubutacciyar takarda da ta faɗi adadin, kai kuma ka sa mata hannu. Ranar da na fara sayen inshorar motar da nake haya da ita, sai da matar ta juyo mini takardar, ta ɗora biro a kan adadin, ta ce in karanta kafin in sa hannu.

Abin da nake gani shi ne, hukumar da ke kusa da kai ta fi jin kukanka. Mutumin Rigasa da aka ci wa N7,000, yaushe zai kai ƙara Abuja? Kuɗin motar zuwa ma ya fi abin da yake bi. Me zai hana a gyara tsarin mulki a sakar wa jihohi wannan ɓangaren, kamar yadda aka sakar musu wutar lantarki da jirgin ƙasa a 2023?

Baba na Malali:
Sani, takardar sa hannun nan ta burge ni, ita kam a kawo mana ita gobe. Amma sakar wa jihohi, ina tsoro. Direban da ya ɗauki fasinja a tashar Kawo da safe, kafin azahar yana Kano, gobe yana Abuja, jibi Jos. In kowace jiha da dokarta da takardarta, a kan wa abin zai ƙare? A kansa, a kowane shinge. Kuma mu faɗa wa kanmu gaskiya, abin da aka miƙa wa mai neman kuɗin shiga, sau da yawa sabon haraji yake zama. Za a ce ejan ya biya rajistar shekara, shi kuma ya juyo ya ɗora wa Baban Sadiƙ. An gudu ba a tsira ba.

Yaya Sani (daga Amurka):
Baba, a nan ma mota na ƙetare jihohi da inshora ɗaya, ba a tsayar da kowa don haka. Ejan ake sa wa ido, ba direba ba.

Barista Ummu Hanan:
Yaya Sani, gyaran tsarin mulki sai kashi biyu cikin uku na majalisar tarayya da amincewar majalisun jihohi 24. Doguwar hanya ce a kan matsalar da allo da rasit za su rage rabinta. Kuma kai ƙara wurin NAICOM ba sai ka taka Abuja ba, suna da sashen karɓar koke, a rubuce ake turawa. Abin da ke kashe ƙarar mutanenmu shi ne rashin shaida. Dubi rasit ɗin Malam: "takardun mota, an biya". Ba sunan kamfani, ba lambar lasisin ejan, ba a ce inshora ba ma. Da wannan za ka kama wa?

Isiya Mai Keke (Hayin Banki):
Manya ku ba ni dama in sa baki. Ku kuna kukan an ƙara muku, ni ragi aka yi mini, kuma nawa ya fi ciwo.

Wani ya ce zai yi mini ta keke a N2,500. Na ji daɗi, na ce na tsinci dami a kala. Takarda ta fito fes, da hatimi da komai. Da 'yan sanda suka fara binciken inshora gadan-gadan a watan Fabrairun 2025, aka tsayar da ni da fasinja uku a ciki, ɗaya tsohuwa ce da za ta asibiti. Jami'in ya buga lambar kekena a wayarsa, ya juyo mini da ita, babu komai. Ya ce wannan takarda ba ta da maraba da wadda aka ƙunshe ƙosai. Fasinjoji suka sauka, yinin ranar ya tafi, balas ɗin mai keke kuma sai da na ciwo bashi na cika. Na koma inda mutumin yake zama, an ce ya tashi.

Da na buge motar wani a watannin nan, da daga ina zan biya? Araha ba ta ado, na gani a jikina. Ni yanzu wanda zai karɓi N1,000 a kan N5,000 ya ba ni ta gaske, ya nuna mini ta hau, wallahi ina yi masa godiya.

Baba na Malali:
Sannu Isiya, Allah ya mayar maka da alheri. Jama'a ku riƙe wannan: ƙungiyar kamfanonin inshora ta ƙasa tana da rumbun bayanai da ake kira NIID, akwai shafin askNIID a intanet. Ka sa lambar motarka, in inshorarka ta gaske ce za ka ga sunan kamfani da ranar ƙarewa. Kada ka bar gaban ejan, ko kada ka sallami yaronsa, sai ka duba. Wani lokaci takan ɗan jinkirta kafin ta hau, to ka sake dubawa washegari, in shiru ka koma masa da zafinta. Duk wanda ya ce zai yi maka ƙasa da farashin hukuma, ka san akwai lauje cikin naɗi, don kamfani ba ya ɗaukar nauyin kowa sai kuɗinsa sun shiga cif. Tun 2013 ake tsananta wannan ƙa'ida: ba biya, ba kariya.

Maman Iman (Unguwar Rimi):
Ni fa ban gane wahalar da ake sha ba. Shekara biyu ke nan a waya nake sayen tawa kai tsaye daga shafin kamfani. Minti goma, N15,000, takarda ta shigo, in buga a shagon kwamfuta. Ba ejan ba kuɗin aiki.

Hajiya Mai Atamfa:
'Yata, ke kin yi boko kuma wayarki babba ce. Maigidana shekararsa saba'in, motarsa ta girmi wasu a zauren nan, ko saƙon banki sai an karanta masa. Irinsa sun fi irinki yawa a garin nan. Dole sai da ɗan tsakiya. Ni shawarata a yanka musu iyaka kawai, a ce kada kuɗin aiki ya wuce N1,000, kowa ya huta. Mu a kasuwa ai dillali ya san la'adarsa, mai kaya ya sani, mai saye ya sani.

Ɗan Barnawa (ejan inshora):
Hajiya, in aka rubuta N1,000 a doka yau, shekara biyar tana nan N1,000, alhali kuɗin keke ya ninka. Kin ga N5,000 ta tsohuwar inshora shekaru nawa ta yi ba a taɓa ta ba? Kuma wanda ya zo shago da ƙafarsa da wanda aka kai wa Mando ba aiki ɗaya aka yi musu ba. Ni na fi yarda da allo. Kowa ya rubuta nasa a fili, mai tsada kasuwa za ta hukunta shi.

Hajiya Mai Atamfa:
Kasuwa na hukunci ne inda masu sayarwa suke da yawa, ɗana. A unguwar da mutum ɗaya ne ke yi, ko N10,000 ya rubuta a allon haka za a biya. Ni dai ina kan bakana, a sa iyaka, in ya so a riƙa dubawa duk shekara.

Baba na Malali:
A nan ina bayan Hajiya. Abu ne da hukuma ta tilasta wa mutum saye, ba atamfa ba ce da zai ce ya fasa. In ka tilasta wa talaka sayen abu, nauyi ne a kanka ka tsare shi daga wanda zai tsaya a ƙofa yana karɓar kuɗin shiga.

Malam na Unguwar Sanusi:
Allah ya yi muku albarka, muhawara ta yi kyau. In ƙara da ɓangaren addini a taƙaice. Karɓar lada a kan aike ko dillanci halal ne, ba mai jayayya. Amma malamanmu na Malikiyya sun shardanta a san ladan kafin a shiga aiki. Wanda ya karanta Risala ya san a babin ijara, wato ɗaukar mutum aiki a kan lada, an ce tana halatta idan an ambaci lokaci kuma an ambaci kuɗin. Ladan da aka cusa cikin farashin wani abu, mai biya bai san da shi ba, bai cika wannan sharaɗi ba, kuma yardar da aka samu ta hanyar ɓoye gaskiya ba yarda ba ce. "Kowa haka yake yi" ba hujja ba ce ranar hisabi.

Masu ƙyamar inshora saboda shubuha kuma su sani akwai takaful, wato inshora bisa tsarin Musulunci, NAICOM ta fitar da ƙa'idojinsa tun 2013, akwai kamfanonin da ke yin sa. A tsarin wakala da suke bi, kason da kamfani zai ɗauka a matsayin ladan wakilci ana faɗarsa a cikin yarjejeniya tun farko. Abin da muke nema daga mai rumfa ke nan, bai fi haka ba.

Abba Kawo:
Allah gafarta Malam, to wanda ya riga ya ci na shekaru fa?

Malam na Unguwar Sanusi:
Ya mayar wa waɗanda ya sani, ko ya nemi su yafe masa bayan ya gaya musu gaskiyar adadin.

Baban Sadiƙ (Rigasa):
Jama'a na dawo da bayani. Da farko na duba askNIID kamar yadda Baba ya ce, alhamdu lillahi tawa ta hau, sunan kamfani da ranar ƙarewa duk sun fito.

Yau bayan an tashi makaranta na je wurin mutumin. Na same shi yana cin abinci a bayan teburinsa, na jira ya gama ya wanke hannu. Ban ɗaga murya ba. Na ajiye takardar kamfani da rasit ɗinsa gefe da gefe, na ce ya duba. Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce shi ma ba shi da lasisi, wani ejan yake kai wa, wancan ya ɗora N2,000, shi kuma ya ɗora nasa. Wato hannu biyu kuɗina suka bi kafin su isa kamfani, ni ban san ko ɗaya ba.

Na ce masa aiken yaro da wahalarsa ina sane da su, ba na son cin guminsa, amma ya faɗi abin da yake ganin haƙƙinsa ne. Muka tsaya a N3,000 duka. Ya mayar mini da N4,000, ya sake rubuta rasit layi biyu, inshora N15,000, aiki N3,000. Na bara da bara waccan na ce na yafe. Da zan tafi ya ce don Allah kada in faɗi sunansa, na ce ba zan faɗa ba, amma baɗi in ban ga farashi a rubuce a rumfarsa ba, wani wuri zan nufa.

Barista, maganar allo da rasit ɗin nan, in da hali a rubuta ta a takarda mu sa hannu mu kai wa ɗan majalisarmu. Ni zan zagaya da ita a Rigasa.

Ɗan Barnawa (ejan inshora):
Ku sa sunana a ciki. Amma a rubuta har da cewa duk mai sayar da inshora ya manna lasisinsa a bango, don wannan hannu biyun da Malam ya faɗa shi ke ɓata mana suna. Batun iyaka kuwa har yanzu ban yarda ba, Hajiya.

Hajiya Mai Atamfa:
Ni ma ban sauka ba. A rubuta duka biyun, su can su zaɓa.

Barista Ummu Hanan:
To zan tsara takarda biyu, ɗaya ta majalisar jiha kan allo da rasit da rajistar masu rumfa, ɗaya ta NAICOM kan iyakar kuɗin aiki da takardar sa hannu irin wadda Yaya Sani ya bayyana. Duk mai tsohon rasit ya ɗauki hotonsa tare da takardar kamfani, ya rufe sunansa da lambar motarsa, ya turo wa Shugaba kafin daren Juma'a. Isiya, in takardar bogin nan tana hannunka kada ka yar, ita ma ina son hotonta.

Isiya Mai Keke (Hayin Banki):
Tana nan ƙarƙashin kujerar keke, Anti. In na tashi aiki da daddare zan turo.